Kunyar 'Yar Fari a Ƙasar Ingila

Har yau idan wani ya ce mini, "Malama Saude, ke kam kin more, kin yi karatu a Ingila," sai in ce alhamdu lillahi in ja bakina in tsuke. Ba abin faɗa na rasa ba. Na dai san idan na fara ba zai ji da daɗi ba, ni ma kuma haka zan wuni raina a ɓace.

Na tafi ne a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jihohinmu. Kafin nan Turanci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Baure. Waɗanda suka ɗauki nauyin karatuna sun ce manufofin walwalar jama'a suke so in karanto, wato yadda gwamnati ke tsara kula da yara da tsofaffi da marasa galihu. Ni kuwa tun ina sakandare adabin Turanci ne a raina. Da na ji jami'ar ta yarda mutum ya haɗa biyun a digiri ɗaya, murna kamar in yi tsalle. Na ɗauka wayo na yi.

Ba ni kaɗai na tafi ba, da 'yata ta fari na tafi, tana 'yar shekara huɗu. Tun da aka yaye ta take hannun Inna, mahaifiyar maigidana, kamar yadda aka saba. Sunan Inna aka sa mata, Hauwa'u, a gida kuma ana ce mata Ummi. Ni ko ɗaya ba na faɗa. Na farkon sunan surukata ne. Na biyun kuwa, wace uwa ce a wajenmu za ta buɗe baki ta kira 'yar farinta a gaban mutane? "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce mini, don haka ta tashi ta ji ƙannen babanta suna kirana. Ana gab da tafiyata Inna ta rasu. Maigidana fataucin shanu yake yi, yau yana kasuwar Mai'aduwa gobe yana hanyar kudu, sai ya ce gara in tafi da ita da a bar ta tana yawon gidaje.

Masaukinmu wani ɗaki ne a saman shagon wanki da guga, a wani gari na arewacin ƙasar inda ruwan sama ba ya gajiya. Mai gidan ya aiko mini da hoton ɗaki mai haske da labule. Abin da na tarar ɗaki ne mai warin danshi, bangonsa ya yi baƙi, tagarsa tana kallon bayan wani gini. Da na yi magana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce hoton na bara ne. A ɗakin da ke kusa da namu akwai wata 'yar Somaliya, Hajiya Maryan, da 'ya'yanta. Ba ta jin Hausa, Turancinta kuma gutsi-gutsi ne, amma ranar da muka sauka ta yi sallama ta miƙo mana shinkafa da bargo, ta nuna mini alƙibla da hannu.

Jami'ar a wajena gine-gine biyu ce, suna kallon juna da ciyawa a tsakani. Tsohon ginin dutse na adabi ne, sabon mai gilasai na walwalar jama'a. Da safe ina nan, da yamma ina can, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan ɓata lokaci ne kawai.

A ginin dutse malamina wani dattijo ne da na sa wa suna Tsoho Mai Lema, don ko rana ta fito lemarsa tana hannu. Shi ya ɗora mu kan littattafan nan nasu na zamanin da, masu kauri kamar bulo, inda mutum zai shekara yana son mace bai furta ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: ku lura da abin da ba a faɗa ba. Idan uba ya rako ɗansa tasha bai ce masa komai ba, sai dai ya gyara masa wuyan riga, Tsoho zai cire tabarau ya ce, "To ga ƙaunar nan, a wuyan rigar take." 'Yan aji su yi ta mamaki suna rubutawa. Ni dariya ma abin yake ba ni. A irin wannan gidan na tashi. Mahaifina bai taɓa ce mini yana ƙaunata ba, amma duk ranar kasuwa da ƙunshin tsirena a aljihunsa yake dawowa. Ban sha wahalar adabi ba ko kaɗan.

A ginin gilashi kuwa Madam Hujja ce, don kafin ka rufe baki za ta ce, "Ina hujjarka?" Mace ce mai kaifin kai, ba zan hana ta nata ba. Amma ni a ajinta ba ɗaliba ba ce, kayan nuni ce. Duk ranar da aka ambaci Najeriya a labarai sai ta juyo: "Saude, ke da kika fito daga yankin shari'a, faɗa mana." Kawuna su juyo kaina da hijabina. Wani ya tambaye ni ko na taɓa ganin an yanke hannu, wata ta ce yaya aka yi mijina ya bar ni na fito. In ce musu abin da na gani da idona a garinmu shi ne an rufe wata mashaya a bakin tasha, makaɗa kuma kasuwarsu ta faɗi. Sai in ga ransu bai so ba. Ba wannan labarin suke jira ba.

Ita ce ta koya mana darasin shaƙuwar uwa da ɗa. Akwai alamomin da ma'aikaci ke dubawa, in ji ta: ko uwa tana kallon ɗanta ido cikin ido, ko tana kiran sunansa, ko tana rungumarsa idan sun haɗu bayan rabuwa. Na rubuta, na haddace, na ci gwajin da maki mai kyau. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa da ni ake ba. Na ɗauka karatun jarrabawa ne, irin wanda ake juyewa a takarda a fito.

Yarinyar kuwa na sa ta a wata makarantar nazare kusa da mu. Cikin 'yan watanni bakinta ya kama Turanci, har gyara mini take yi. Wata rana malamarsu ta ce kowa ya zana 'yan gidansu. Da ta ga zanen yarinyar sai ta tambaye ta ina mamanta, ta ce mamanta Inna ce, kuma ta rasu. Ta ce to wace ce mai zuwa ɗaukarki? Ta ce yayarta ce. Gaskiya ta faɗa, iya abin da ta sani.

Da na zo ɗaukarta malamar ta tare ni a bakin ƙofa, iyayen yara cike da wajen, ta ce, "Wannan 'yarki ce?"

Na yi abin da kowace 'yar mutunci za ta yi a Baure. Na sunkuyar da kai, na yi murmushi, na ce, "Ta kakarta ce."

"Yaya sunanta?"

"Ai yana rubuce a wajenku," na ce, na ja hannun yarinyar muka tafi.

A lokacin ƙasar ta ɗauki zafi kan yaran da ake kawowa daga Afirka a hannun waɗanda ba iyayensu ba, wasu ana bautar da su. Ban ce babu wannan ba. Amma da mutum ɗaya ya zaunar da ni a ɗaki ya ce in yi masa bayani, da na yi. Babu wanda ya yi hakan. Bayan 'yan kwanaki na fito daga lakca na je ɗaukarta, na tarar ba ta nan. Wata jami'ar walwala mai jan gashi ce take jirana, da ɗan sanda a bayanta.

Ta ce an kai yarinyar inda za a kula da ita kafin a gama bincike. Na ce binciken me? 'Yata ce, ni na haife ta! A nan kam na faɗa, da ƙarfi ma. Ta ce ba haka na faɗa wa malama ba, ba kuma haka yarinyar ta faɗa ba. Na kawo fasfo, ta ce sunan ƙarshe bai zo ɗaya ba. To ta ina zai zo ɗaya, ni sunan ubana nake amsawa, ita na nata uban? Na kawo takardar haihuwa, ta jujjuya ta ta ce me ya sa sai da yarinya ta girma aka yi ta. Na ce a gidanmu na haihu a hannun ungozoma, sai da za a yi fasfo aka je ƙaramar hukuma aka karɓo. Duk abin da na faɗa sai ta gyaɗa kai cikin ladabi ta rubuta. Ladabin nan nasu ya fi zagi ciwo.

Na koma ɗaki ni kaɗai. Silifas ɗinta suna bakin ƙofa inda ta cire su da safe. Hajiya Maryan ce ta jiyo kukana ta bango ta shigo, ta zauna kusa da ni tana ta salati, ba ta tafi ba sai da ta ga na sha shayi.

Washegari na samu maigidana a waya, ta shagon wani ɗan'uwansa a Daura. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ba karatun abin kika je yi ba? To me kike karantawa?" Ya ce, "Amanar Inna ce fa. Duk yadda za ki yi, ki yi." Layin ya yanke.

Wajen Madam Hujja na fara zuwa, don ita ta san mutanen, wasunsu ma ɗalibanta ne a da. Na zayyana mata al'adar kunyar ɗan fari tun daga tushe. Ta saurara idonta na ƙyalli, har da cewa abin da ban sha'awa. Sannan ta ce, "Ga shawarata. Ki faɗa musu daga yankin shari'a kika fito, inda aka danne mata har uwa ba ta da ikon kiran sunan 'yarta. Ki ce tsoron dangin mijinki ne ya mayar da ke haka. Za su tausaya miki, su ɗauke ki a wadda aka zalunta."

Na ce, "Madam, kakata ta yi kunyar ɗan fari, kakar kakata ta yi, tun ba a haifi waɗanda suka ƙaddamar da shari'a ba. Maguzawan ƙauyenmu ma suna yi. Kuma matar da kike so in ce tsoronta nake ji, ita ta goya yarinyar nan har bayanta ya sage, ta hana bakinta ta ba ta. Tana kabari zan yi mata ƙazafi?"

Ta ce, "Ina hujjarki a rubuce cewa al'ada ce ba danniya ba?"

Ban san lokacin da na miƙe na fita ba.

Sati na zagayowa, a zaman tattaunawa, sai ga ta da sabon misali ga ɗalibai: wata mata daga yankin shari'a a Afirka ta Yamma da aka karɓe wa 'ya. Ba ta ambaci suna ba, wai don rufin asiri. Ni kaɗai ce baƙar mace mai hijabi a ajin. Kowa ya sunkuyar da kai yana satar kallona. Na tattara littattafaina na miƙe na ce, "Madam, matar tana nan, ba ta mutu ba, ba ta kuma ba ki izini ba. Idan darasi kike nema, ki haifi taki a karɓe." Na fita na bugo ƙofa. Amma dole na koma ajin nata. Idan na daina zuwa za a soke tallafina a ce in bar ƙasar, kuma ni kaɗai za a ce in bari, ban da yarinyar.

Babbar Sallah ta same mu a haka. Na roƙa a ba ni ita ta wuni ɗaya, aka ce ranar ba ta cikin tsari. A lokacin da hayaƙin suya ya cika unguwarmu a Baure, yara na yawo da sababbin kaya, ni ina ginin gilashi ina sauraron lakca kan haƙƙin yara. Atamfar da na ɗinko mata tun daga gida tana cikin akwati.

Aka ɗebi jinina da nata aka gwada. Sakamako ya fito, ni ce uwar. Na je ofis da rigar sanyinta a hannu, na ɗauka tare za mu dawo. Mai jan gashi ta ce a'a, haihuwa daban, shaƙuwa daban. Yanzu an yarda ni na haife ta, saura a ga ko ina ƙaunarta. Za a riƙa kawo ta wani ɗaki mu gana, ita tana zaune tana lura.

Ɗakin a wani gari yake, sai na shiga jirgin ƙasa sannan bas. Kayan wasa zube a ƙasa, kujera a lungu, mai jan gashi a kai da bironta. Aka shigo da yarinyar. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta durƙusa kamar yadda Inna ta koya mata, idonta a ƙasa, ta ce, "Yaya, ina wuni?"

Na ce, "Lafiya lau. Kina cin abinci?"

Ta gyaɗa kai. Ga kuma baƙuwa ta zuba mana ido. Na dubi kan yarinyar na ga gashin ya cukurkuɗe. Matar da ke riƙonta, wata Baturiya mai kirki, ta ba ni haƙuri ta ce ta rasa yadda ake taɓa shi. Na ciro mataji da kibiya daga jaka, na zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafuna, na tsefe, na shafa mai, na yi mata kitso ƙanana-ƙanana, ina jan lokaci don kada in gama. Ta kwantar da kanta a cinyata har barci ya fara fizgarta. Tun da aka raba mu ban samu natsuwa irin ta wannan lokacin ba.

Da rahoton ya fito, lauyar da aka ba ni ta karanta mini. Uwa ba ta rungumi yarinya ba. Ba ta kira sunanta ba. Ba su haɗa ido ba. Yarinya ta durƙusa cikin alamun tsoro. Uwa ta sa yarinya ta juya mata baya har lokaci ya ƙare. Ban bari ta ƙarasa ba, don na san sauran. Darasin nan ne da na haddace na ci maki da shi, bai rage komai ba. Lauyar ta ce idan rahoto na gaba ya zo a haka, za a nemi kotu ta tsawaita riƙon, kuma ita ba ta san ranar ƙarewarsa ba.

Na daina shiga ajin adabi. Ina zan iya zama ana yabon shirun wani uba na cikin littafi? Tsoho Mai Lema ya gan ni a kan benci tsakanin gine-ginen biyu, ruwa na sauka a kaina, ya zo ya tsaya ya riƙe mini lema ya ce lafiya? Duk abin da ke cikina a kansa na juye. Na ce littattafanku cike suke da attajiran da ke miƙa jarirai ga masu raino, su tura 'ya'ya makarantar kwana tun ba su san kansu ba, uba ya gaisa da ɗansa da hannu kamar baƙo. Ku ce wannan kamun kai ne, zurfin ciki ne, ku ba ni maki don na gane. Ga gini can kuna kallon juna, a can nawa shirun ya zama rashin imani. Shirun Bature adabi ne, nawa kuma ciwo?

Bai kare kansa ba. Sai dai ya ce, "Ba ni da amsar da za ta yi miki amfani. Amma zan zo in faɗi abin da na sani." Ya kuwa zo taron da aka yi a kaina, da tsohon kwat ɗinsa. Ya ce musu shi kansa mahaifinsa bai taɓa rungumarsa ba, kuma bai taɓa shakkar ƙaunarsa ba. Ya ce kitson nan da suka gani shi ne rungumar. Suka gode masa ƙwarai, suka ce ra'ayi ne, ba hujja ba. A bakin ƙofa ya ce mini, "Ba su da lokacin karanta ki a tsanake. Ki ba su abin da suke iya karantawa." Na ji haushin maganar, amma shi kaɗai ne a jami'ar nan ya tako ƙafarsa saboda ni.

Hajiya Maryan ce ta mayar da maganar aiki. Ta ja ni kicin ɗinta, ta tsayar da ƙaramar 'yarta a gabana ta ce in gwada. Da hannu da guntun Turanci da guntun Larabci ta nuna mini: ki durƙusa, ki buɗe hannu, ki kira suna. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Tun da na yi aure nake kauce wa sunan nan. Ko a makaranta idan ɗaliba ta zo da shi, "mai sunan Inna" nake cewa. Hajiya Maryan ta buge mini cinya ta ce, "Kunya ko yarinya? Zaɓi!" Na nemi gafarar Inna a zuciyata, na faɗa a hankali kamar mai sata. Ta ce ba ta ji ba. Muka yi ta yi har shinkafarta ta kama.

Ranar ganawa ta gaba aka buɗe ƙofa aka shigo da ita. Kafin ta durƙusa na riga ta. Na zube gwiwa biyu a kan kafet, na buɗe hannuwa, na dube ta ido cikin ido, na ce da ƙarfi, "Hauwa'u! Zo, 'yata."

Yarinyar ta tsaya cak. Ta waiga bayanta, ba kowa sai mai riƙonta. Ta dawo da ido kaina, ta ce da Hausa, "Yaya, laifi na yi?"

Wayyo Allah. Ashe duk tsawon lokacin nan abin da ke ranta ke nan, ta ɗauka horo ake yi mata. Na jawo ta. Da farko ta sandare a jikina kamar itace, sai kuma ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ta cusa kanta a wuyana ta ƙanƙame ni. Ina ta cewa ba ki yi laifi ba, ba ki yi komai ba. Da niyyar wasan kwaikwayo na shiga ɗakin, amma kukan da na yi nawa ne, na gaske. Shi ya sa har yau ban yafe ba. Abin da ya kamata ya faru tsakanina da 'yata mu biyu, a ranar da muka ga dama, an sa na yi shi a gaban baƙuwa mai biro. Ina ɗago kai na gan ta tana murmushi tana rubutu. Rahoton ya ce uwa ta samu ci gaba.

Bayan an sake 'yan ganawa aka ba ni ita. Babu wanda ya ce in yi haƙuri.

Amma ba yarinyar da aka karɓa aka dawo mini da ita ba. Wannan ba ta yarda in ɓace mata da gani. In na shiga banɗaki tana bakin ƙofa, in na kai ta makaranta sai an ɓamɓare ta daga hijabina. Ta daina ce mini Yaya, Mama take cewa, kamar yadda aka koya mata a can. A haka na ƙarasa shekarun karatun, hannu ɗaya riƙe da littafi, ɗayan yana wajenta. Adabi na fita da sakamako mai kyau. Walwalar jama'a da ƙyar na tsallake, don a jarrabawar ƙarshe na rubuta musu abin da na gani, aka ce rubutun ya cika fushi, hujja ta yi kaɗan.

Ranar da muka iso Baure gidan surukaina ya cika da 'yan sannu da zuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ana ta shan fura ana barka. Yarinyar ta ƙi shiga cikin yara, ta zauna ta kwanto jikina, tana Mama kaza, Mama kaza. Mata suka fara ƙus-ƙus, wata ta ce, "Oh ni Turai! Yau ga 'yar fari a cinya." Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe.

Sai Gwaggo Talatu ta gyara murya. Ita ce babbar yayar maigidana, a Sandamu take aure. Lokacin da muka tafi tana jinyar mijinta, shi ya sa ba ta karɓi yarinyar ba. Ta ce, "To alhamdu lillahi, an dawo lafiya. Sai a miƙo mana 'yarmu. Tun da Inna ta rasu ni ce da ita, na ma gyara mata wajen kwana. Ummi, tashi ki ɗauko kayanki, yau tare za mu wuce."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Haƙƙinta ne a al'ada, karamci ma take yi mini. Da a da ne, da na sunkuyar da kai na ce ai taku ce. Amma yarinyar ba ta manta Hausa ba. Na ji yatsunta sun nutse a damtsena.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Hauwa'u ba inda za ta."

Wata tsohuwa ta saki salati. A gidan Inna, a gaban 'ya'yan Inna, na kama sunanta da bakina.

Gwaggo ta ce, "Sunan wa na ji a bakinki, Saude?"

"Sunan 'yata ne, Gwaggo. An karɓe ta sau ɗaya. Ba za a sake ba, ko wane ne."

"Au, mu kike haɗawa da Turawan da suka ƙwace ta? Wannan ne karatun da aka je aka yi?"

Gwaggo ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta fita, rabin matan suka bi bayanta. Maigidana yana zaure, ya ji komai. Da ya shigo bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Kin jawo mini aiki," ya juya ya bi yayarsa.

Har Gwaggo ta koma ga Allah ba ta sake taka ɗakina ba. A Ingila an rubuta cewa ba na ƙaunar 'yata. A Baure kuma har gobe da ni ake yi wa amare misalin marar kunya. Can da nan, babu wanda ya taɓa tambayar yarinyar ita me take so. Ranar dai ba ta saki damtsena ba har aka kira magariba, ni ma ban ce ta saki ba.